TUN RAN GINI, RAN ZANE: Wa zai biya kuɗin wutar gine-ginen da ake ƙaddamar mana?

Jama'a, ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo.

Duk ranar da aka ƙaddamar da sabon ginin gwamnati a ƙasar nan, lamba ɗaya ake karanto mana: an kashe naira biliyan kaza. A yi tafi, maroƙa su yi kirari, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto a gaban gilashi mai ɗaukar ido, kowa ya watse. Akwai lamba ta biyu da ban taɓa jin wani gwamna ko minista ya karanta ba: nawa wannan ginin zai riƙa ci duk shekara kafin mutum ya iya zama a cikinsa ya yi aiki? Kuɗin wuta nawa, man gas nawa, gyaran esi nawa, kuma daga aljihun wa, har shekara talatin masu zuwa?

Ba a karanta ta saboda ba a lissafa ta. Ni kuwa a ganina, rashin lissafa ta ɓarna ce da ta kai satar kuɗin kwangila, don ita sata sau ɗaya ake yi a wuce, wannan kuwa duk ƙarshen wata sai an biya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun san wannan lissafin sarai idan kuɗinmu ne. Je ka tsaya wajen dillalan mota ka saurara. Kafin mutum ya taya, tambayarsa ta farko: yaya shan manta? Ta biyu: ana samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko sai an aika Legas? Tunda aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, manyan motoci nawa aka jingine a gidaje, an rufe su da tamfol? Ma'aikacin da ba zai sayi 'yar Kwatano ba sai ya tambayi shan manta, shi ne dai zai zauna a kwamiti ya sa hannu a kan ginin biliyan uku, bai tambayi shan man ginin ba. Alhali mota in ta ishe ka, ka sayar. Gini kuwa ya zauna maka daram, da kai da waɗanda za su gaje ka a kujerar.

A da ana iya kau da kai, saboda wuta da mai suna da araha, ko dai ana ɓoye tsadarsu a cikin tallafi. Wannan zamanin ya wuce. A ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Daga baya a shekarar an ɗan sassauta, amma a lokacin bai sauko ƙasa da naira 200 ba. Kafin nan ma, a watan Fabrairun 2024, kamfanin raba wuta na Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati 86 da yake bi bashin fiye da naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa a ciki. A shekarar dai aka yanke wa asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan wuta saboda bashi, ba sau ɗaya ba. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Duk wanda ofishinsa ke cikin ginin da tagoginsa ba sa buɗuwa, ya san yadda ya ƙare a waɗancan kwanakin.

Mutane sun yi ta zagin kamfanonin wuta da gwamnati, kuma suna da hujja. Amma akwai wanda ya tsira daga zagin, shi ne ginin kansa, da wanda ya zana shi, da wanda ya amince da zanen. Takardar kuɗin wutar da ake kawo mana yau, wani kaso mai tsoka nata an rubuta shi ne tun shekaru goma ko ashirin da suka wuce, a kan teburin mai zane.

Lissafin da nake magana a kai ba wani tsafi ba ne. Kafin a aza tubali, a zauna a tara abu huɗu: kuɗin ginawa, kuɗin wuta da mai da ruwa na kowace shekara, kuɗin gyare-gyare da tsafta, da kuɗin canza kayan da za su mutu kafin ginin ya tsufa, irin su esi, janareto, batir da famfon ruwa. A tara su na shekara talatin. A yi wa zane biyu ko uku haka, a jera su, sannan a zaɓa. Shi ke nan.

Bari in ba da misali da lissafin da kowa zai iya yi a wayarsa. Lambobin na misali ne, ka cire nawa ka sa naka.

Ka ɗauki ofishi mai esi arba'in. A ce kowane ɗaya yana shan yunit ɗaya a awa. Awa takwas a rana, yunit 320 ke nan. Ranakun aiki 250 a shekara, yunit 80,000. In duk wutar nefa ce a kan naira 210, kuɗin ya kama naira miliyan 16 da dubu 800. To amma wa ke samun wuta kullum? Lita ɗaya ta man gas tana ba da kimanin yunit uku a janareto. In ka sayi litar naira 1,200, kowane yunit ya tsaya maka naira 400, ban da sabis da baƙin mai da albashin mai kula da injin. A ce rabi nefa, rabi janareto: naira miliyan 24 da dubu 400 a shekara, sanyaya ɗakuna kawai, ba a zo kan fitilu da kwamfutoci ba. A shekara talatin, ko da farashi bai motsa ba ko da kwabo, naira miliyan 732. Kuma esi ba ya shekara talatin a ƙurar nan tamu. In ya yi goma ya yi ƙoƙari. Ka ga sai an sake sayen wasu tamanin kafin lokacin ya cika.

Yanzu a ce mai zane ya kawo zane na biyu. Ofisoshin dai su ne, yawan ma'aikatan shi ne. Amma ya juya ginin, ya rage gilashi, ya sa wa tagogi rumfa, ya sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. A ce hakan ya rage buƙatar sanyaya da kashi ɗaya cikin uku, kuma ya ƙara naira miliyan 40 a kan kuɗin ginin. Rarar da ake samu a shekara ta haura miliyan takwas. Cikin shekara biyar kuɗin ya dawo. Sauran shekara ashirin da biyar riba ce, wajen miliyan 200. Ban ma lissafa cewa ginin da ba ya ɗaukar zafi esinsa kaɗan ne, janaretonsa ƙarami ne, wayoyinsa ma ba sai masu kauri ba, don haka wani ɓangare na miliyan 40 ɗin tun ranar farko yake dawowa.

To a tsarin da muke kai yanzu, wane zane za a zaɓa? Na farko, mana. Ya fi araha da miliyan 40. Wanda ya zaɓe shi ma har yabo za a yi masa, wai ya yi tattalin dukiyar gwamnati.

Me ya sa na nace sai a lokacin zane? Saboda abubuwan da suka fi tasiri a kan zafin gini, in an gina su an gina ke nan.

Na farko, inda ginin ya fuskanta. Mu nan muna kusa da tsakiyar duniya, rana kusan ta kanmu take bi. Da hantsi tana dukan bangon gabas, da la'asar ta koma bangon yamma, kuma a lokutan nan biyu a karkace take shigowa, ta taga kai tsaye har tsakar ɗaki. Bangon kudu da na arewa kuwa, 'yar rumfa ko baranda ta ishe su. Don haka dogon gini, a miƙa tsawonsa daga gabas zuwa yamma, manyan fuskokinsa su kalli kudu da arewa. Juya gini a kan takarda aikin fensir ne da abin gogewa, ko danna linzamin kwamfuta. Bayan an zuba kankare, ko biliyan nawa gare ka ba ka juya shi.

Na biyu, gilashi. Gilashi yana barin hasken rana ya shigo, ya zama zafi, ya maƙale a ciki. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura maki 40, ya san aikin gilashi. Mu kuma muka ɗauki wannan abin muka lulluɓe sakatariya da shi tun daga ƙasa har sama, a fuskar yamma, sannan muka like tagogin. Da an ɗauke wuta, ginin ya zama tanda. Na yi aiki a irin wannan ginin. Ranar da man gas ya ƙare, ƙarfe biyu na rana ba za ka tarar da kowa a hawa na sama ba. Daraktoci sun tafi gida, ƙananan ma'aikata sun fito da benci gindin dalbejiya, mai neman a sa masa hannu a takardar fansho, wanda ya biyo mota tun daga ƙauye, a ce masa ya dawo gobe. Wannan ma kuɗi ne, sai dai babu fayil ɗin da ake rubuta shi.

Na uku, rufi. Tunda rana ta kanmu take bi, rufi shi ya fi kowane sashe shan ta, musamman a gini mai hawa ɗaya kamar ajin makaranta da ɗakin haihuwa na asibitin karkara. Kwano mai duhun launi, silin na leda siriri, babu hanyar da iska za ta bi ta tsakaninsu: ka gama dafa yaran mutane. Kwano mai haske, da abin tare zafi, da kafar da iska mai zafi za ta fita ta sama, duka a lokacin zane ake yanke shawararsu, kuma a nan suka fi araha.

Shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini, ran zane. Esin da za a ƙara daga baya, da baƙar ledar da ake manna wa gilashi, da labule mai kauri da zai sa a kunna fitila da rana tsaka, duk ihu ne bayan hari.

To me ya hana mu yi? Ba ƙarancin masana ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye masu zanen gini da masu ƙiyasin kuɗin gini, sauran jami'o'i da kwalejojin kimiyya ma haka, kuma ana koya musu wannan lissafi. Tsarin ne ba ya tambayarsu. Ni da na kwashe shekaru ina ganin fayilolin ayyuka suna wucewa, ga abin da na fahimta.

Kasafin kuɗinmu gida biyu ne, kuma ba sa gaisawa. Akwai na manyan ayyuka, akwai na gudanarwar yau da kullum, wanda muke kira obahed. Gini daga na farko yake fitowa, man gas daga na biyu. Wanda ya rage miliyan 40 a na farko an gan shi. Wanda ya jawo asarar miliyan takwas duk shekara a na biyu, babu mai bin sawunsa. Ma'aikatar ayyuka ta gina, ta miƙa makulli, ta juya. Ma'aikatar lafiya ko ta ilimi ita za ta yi ta fama da takardar wuta, da kuɗin da ya kamata a sayi magani ko alli.

Sai wa'adi. Gwamna shekara huɗu gare shi, in ya yi sa'a takwas. Babban sakatare yau yana nan, gobe an sauya masa ma'aikata. Gini kuwa shekara hamsin. Wanda ya ci ribar hoton ƙaddamarwa daban, wanda zai biya bashin daban.

Sai yadda muke fassara dokar bayar da kwangila ta 2007. Dokar ta ce a ba wanda tayinsa ya fi sauƙi bayan an tantance, kuma ya cika sharuɗɗan aikin. Ku lura, sharuɗɗan nan mu ke rubuta su. Babu abin da ya hana ma'aikata ta rubuta cewa ginin kada ya sha fiye da yunit kaza a shekara. Mu ne muka mayar da dokar ta zama "a ba mai araha" kawai. Kuma tun kafin a kai ga 'yan kwangila ma an riga an gama zanen, an rufe ƙofar zaɓi.

Sai ladan masu zane da injiniyoyi, wanda bisa al'ada kaso ne na kuɗin ginin. Ban ce suna ha'inci ba. Amma wanda ya ɓata makonni yana auna inuwa da iska don ya rage esi ashirin, babu kwabon da za a ƙara masa, wataƙila ma ladansa ya ragu. In ya ce a rage gilashi, mai gida ya ce shi irin wanda ya gani a Dubai yake so, wa zai yi jayayya da mai biyansa?

Na ƙarshe, wanda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Ginin da ke shan mai, akwai masu sha tare da shi. Kwangilar kawo man gas, kwangilar sabis ɗin janareto, kwangilar gyaran esi, duk wata ana fitar da kuɗi, kuma wa ya auna lita nawa ta shiga tanki? Inuwar baranda kuwa ba ta da kwangilar wata-wata. Babu wanda zai samu kashi goma a jikin bishiya. Duk mai son gane dalilin da ya sa zancen nan ba ya samun masu goyon baya a wasu ofisoshi, ya fara duba nan.

Na san abin da wasu za su ce, bari in amsa tun yanzu.

Wani zai ce: "Malam, kuɗin ginawa ma da ƙyar ake samu, kana maganar ƙari." Na farko, abubuwa da yawa ba ƙari ba ne, ragi ne. Juya gini kyauta ne. Bangon bulo ya fi bangon gilashi da alminiyon araha. Na biyu, wanda ba shi da kuɗi shi ya fi kowa buƙatar lissafin. Mai arzikin mai zai iya gina akwatin gilashi a hamada ya sanyaya shi. Jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja kafin ta biya albashi, ina ita ina wannan kwalliya? In kuɗin ba su isa a gina hawa biyar mai kyau ba, a gina hawa uku da za a iya riƙewa.

Wani zai ce: "Wa ya san farashin wuta nan da shekara talatin? Lissafin ai shaci-faɗi ne." Wannan tambaya ce mai ma'ana. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Maris na 2024 ta haura 1,500. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Babu mai ƙiyasin da ya hango haka. Amma ai ba duba ake so ya yi ba, kwatanta zane biyu ake so ya yi. Ya yi lissafin sau uku: in farashin wuta ya tsaya, in ya ninka, in ya ninka sau uku. Zanen da ya yi nasara a duka ukun, shi ne naka. Masana kuma suna da hanyar mayar da kuɗin gobe zuwa darajarsa ta yau, don naira ɗaya a hannu ta fi naira ɗaya da za a ba ka bayan shekara goma. A ƙasar da kuɗin ruwa ke da tsada kamar tamu, wannan yana rage nauyin ribar da ke nesa, gaskiya ne. Abin da ke nan shi ne, abubuwa masu sauƙi irin su rumfa da rufi mai kyau, masu dawo da kuɗinsu cikin 'yan shekaru, suna tsallake wannan jarrabawar cikin sauƙi. Kuma rashin tabbas ɗin ma hujja ce a gare ni. Tunda ba mu san inda dala za ta kai ba, gara ginin da jin daɗinsa bai rataya a kanta ba. Esi da dala ake sayo shi, janareto da kayan gyaransa ma haka. Inuwa ba ta san dala ta tashi ba.

Wani zai ce: "To a sa sola mana, magana ta ƙare." A nan ma ina da faɗa, kuma da 'yan uwana masu son ci gaba. Sola abu ne mai kyau, rana kuwa Allah Ya hore mana. Amma wannan lissafin ba ya sani ba sabo, yadda ya kama gilashi haka yake kama sola. Farantin zai iya shekara ashirin da biyar. Inbata kuwa wajen shekara goma. Batir na ruwa 'yan shekaru kaɗan, na litiyom ya fi daɗewa amma shi ma sai an canza shi kafin farantin ya tsufa. Ƙurar hunturu kuma sai an riƙa wankewa, in ba haka ba ƙarfin ya ragu. Wa ya sa kuɗin canza batir a kasafin shekara ta biyar? Ku dubi fitilun sola na kan titunanmu da na ayyukan mazaɓu, nawa ne ke tsaye ba sa kamawa? Yawancinsu abin da ya kashe su bai wuce batir ba. Ɗora sola a kan ginin da ke zubar da sanyi ta kowace kusurwa kamar ɗura ruwa ne a tulu mai huji. A fara toshe hujin, sai a ga rabin farantan ma sun isa. Haka duk wani kaya mai tsada da za a kawo mana da sunan zamani, na'urar da in ta lalace sai an ɗauko injiniya daga waje, a sa shi a sikelin shekara talatin. In ya faɗi, ya faɗi.

Wani kuma zai ce: "Wato so kake a mayar da mu ginin ƙasa." Kakanninmu dai ba su yi karatun jami'a ba, amma sun san bango mai kauri yana riƙe sanyin dare ya kai shi rana, sun san ƙaramar taga, sun san zaure da soro. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun shekarun 1830. A zamaninmu ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun zana sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin don iska ta riƙa ratsawa, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini. Duk da haka ban ce ƙasa ce amsar komai ba. Ginin ƙasa na gargajiya yana son yaɓe kafin damina, wannan ma kuɗi ne, a rubuta shi. Ɗakin tiyata da ɗakin ajiye magani dole sai esi. Abin da nake cewa, a sa ƙasa da bulo da gilashi a sikeli ɗaya, a bar lamba ta yi magana.

Waɗanda muke kwaikwayon gilashinsu, sun daɗe da wajabta wa kansu wannan lissafi. A Amurka tun 1978 doka ta sa a riƙa auna kuɗin tsawon rayuwa a harkar makamashin gine-ginen gwamnatin tarayya. Tarayyar Turai ta yi dokar ingancin makamashi a gine-gine a 2010, a 2012 ta fitar da hanyar lissafin: shekara 30 ga gidajen zama da gine-ginen gwamnati, shekara 20 ga na kasuwanci. A Jamus tun 1991 aka gina gidan farko a Darmstadt na irin gidajen da kusan ba sa buƙatar ɗumamawa. Su sanyi suke yaƙa, mu zafi, don haka kwafo gininsu kuskure ne. Lissafin ya kamata mu ɗauko, shi kuma shi muka bari a can.

Mu ma ba a ce ba mu da komai a rubuce ba. A 2017, lokacin Babatunde Fashola yana ministan wuta, ayyuka da gidaje, an ƙaddamar da ƙa'idar ingancin makamashi a gine-gine ta ƙasa, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Ta yi magana a kan yawan tagogi, cewa in sun wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa, da abin tare zafi a rufi, da ƙarfin fitilu, da irin esin da za a sa. Sai dai izinin gini a hannun jihohi yake, ƙa'idar ba ta da haƙori sai jiha ta ɗauke ta ta mayar da ita doka. Kowa ya tambayi hukumar tsara birane ta jiharsa, ko ta taɓa mayar da wani zane saboda gilashinsa ya yi yawa a fuskar yamma.

Abin da nake nema ba shi da yawa.

Duk ginin gwamnati da kuɗinsa ya kai wani adadi, kada majalisar zartarwa ta amince da shi sai da shafi ɗaya a gaban fayil: kuɗin ginawa, yunit nawa zai sha a shekara, kuɗin riƙe shi na shekara talatin, da aƙalla wani zane ɗaya da aka kwatanta shi da shi. Mai zane ya sa hannu, mai ƙiyasi ya sa hannu, babban sakataren ma'aikatar da za ta zauna a ginin shi ma ya sa hannu, cewa ya gani kuma obahed ɗinsa zai ɗauka.

A biya masana ladan wannan aikin daban, kada a ce su yi shi a kyauta.

A sa wa kowane gini mitarsa, a riƙa rubuta man gas da ya sha. Bayan shekara biyu a ɗauko shafin nan a gwada da abin da ya faru. In an yi alkawarin yunit 50,000 aka sha 100,000, a kira waɗanda suka sa hannu su yi bayani. Da an yi haka sau biyu, zane zai gyaru.

'Yan majalisar jiha, lokacin kare kasafi ku riƙa tambayar lamba ta biyu. 'Yan jarida, ranar ƙaddamarwa in an gama jawabi ku ɗaga hannu: ranka ya daɗe, nawa ginin zai ci a shekara? Ko ba a amsa ba, ku rubuta cewa ba a amsa ba.

Ku kuma 'yan uwana ma'aikata da ke tara bulo da kaɗan-kaɗan, kuna fatan tarewa kafin ritaya, maganar nan ta fi shafar ku. Gidan da kake ginawa yau, da kuɗin fansho za ka riƙe shi. Kafin a haƙa fandisho ka tsaya a filin da la'asar, ka ga ta inda rana ke dukan ka, kada ka sa ɗakin kwana da babbar taga a wannan gefen. Kuɗin da za ka kashe a kan dogon rufi mai tsini irin na ƙasashen ƙanƙara, ka mayar da shi baranda da abin tare zafi. Ka bar wa iska hanyar shiga da ta fita. Ka dasa bishiya a yamma tun yau, kafin ka gama ginin ta yi inuwa. Ka tambayi mai zanenka irin tambayar da ka yi wa dillalin mota. In ya kasa amsawa, ka nemi wani.

Masu zanen gini da injiniyoyi da masu ƙiyasi da ke cikin abokaina, ga fili nan. In akwai ginin gwamnati ɗaya a jiharku da aka yi wa wannan lissafi kafin a gina, ku faɗa mana sunansa, mu yaba wa waɗanda suka yi, mu kuma nuna wa saura cewa abin mai yiwuwa ne.

Allah Ya sa mu dace.